Lamba Goma Sha Huɗu

Daga Kwatano ta zo, cikin kwalin taliya,
an naɗe ta da tsohon zane kamar jinjira.
Alhaji Girema ya ce, "Mutari, ga amanarka.
Jikka tamanin na zuba. Kafin Juma'a
ina so in danna ɗaya, Barira ta ji ni,
in danna biyu, mangaza ta amsa,
in huta da kwarara kira ta taga kamar ɗan ga-ruwa."

Na kwance murfi da turnabis.
Ga gidan zanzaro, ga gawar tsaka ta bushe,
ga wayoyi talatin da biyu, shuɗi da fari, ja da baƙi,
sun cukurkuɗe kamar zaren da akuya ta taka.
Takardar bayani babu.
Wanda ya san halinta yana can bakin teku,
ko kuwa ƙasa ta rufe shi da lambobin a ka.

Ranar farko, shiru. Na kara kunne, ko numfashi.
Rana ta biyu kuran ya tafi tun hantsi,
na zauna gindin bedi ina kallon duwatsun Birni.
Su ma ba sa amsa kira,
amma su ba wanda ya saye su.

Rana ta uku ta buɗe ido, 'yar fitila koriya.
Alhaji ya danna ɗaya, mangaza ta ɗauki ƙara.
Ya danna biyu, talhon gabansa ya kira shi.
Barira ta nemi Tanut, ta manta sifirin fita,
sai wata mata ta fito daga ciki da Faransanci mai laushi,
tana yi mata barka da zuwa otel,
wai ta ɗan jira, ana zuwa.
Barira ta ajiye a hankali, ta yi a'uziyya.

Na bi su ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa,
na fere, na ɗaura, na rubuta da bik.
Lambar sirrin, ashe sifiri huɗu ce. Rago ya ajiye ta.
Na saita mata agogo, ta yarda da ranarmu.

Kashegari Baba Kanta mai gadi ya tare ni a ƙofa:
"Yaro, wa ke nemana biyar saura kwata?
Na ɗauka, ba kowa,
sai wata iska kamar ta bakin rijiya."

Na tona. Goma sha huɗu
ɗaki ne a can, a otel ɗin da ya mutu.
Wani baƙo ya ce a tashe shi da asuba,
mota zai kama ko jirgi, Allah masani.
Ya biya ya tafi, ba a gaya mata ba,
ita kuwa tana nan kan alkawari.
Ni na ja layin zuwa ɗakin gadi, ban sani ba.

Maganin kowane mai gyara ya san shi:
ɗan rami ne a baya, ka zura tsinken tsintsiya,
ka ƙirga goma, ta manta komai,
matar, baƙon, gishirin teku.
Na karyo tsinke.

Tsohon ya riƙe mini hannu.
"Tun da Cima ta rasu
ba mai tashe ni sai zakaran maƙwabta,
shi ma an ci shi ranar suna.
Gyara na Alhaji. Wannan bar mini."

Kwana biyu ya ƙara mini, ina goge ta layi-layi,
ina tsallake guda kamar mai shara ya ga ƙwai.

Juma'a Alhaji ya danna ɗaya.
Barira, da ke taku uku daga kujerarsa, ta ce, "Na'am."
Ya yi dariya har hula ta karkace,
ya kuma zabge mini jikka biyu na jinkiri.

Yanzu a Garin Malam, wata asubar,
nakan farka ba abin da ya yi ƙara.
Na san can Zango ana kiran wanda ya tafi,
wani kuma yana laluben buta.